Farantin da Ya Kwana a Ɗumi

Ƙarfe shida, sanyin Jos na cizon yatsu.
Na buɗe akwatin ɗumi,
warin nan ya tarye ni, wanda matata
ta ce yana bina har cikin bargo.
Faranti goma sha tara sun kwana a jere.
Jiya fuskarsu ɗaya, kamar kamu ya kwanta a kwano,
yau kowa ya tashi da kalar rigarsa.

Ubana kuza ya wanke a Bukuru
har ƙugunsa ya ƙi miƙewa.
Ya juya ƙwarya, ya sake juyawa,
yashi ya bi ruwa, baƙin ya zauna a gindi.
Yakan ce: ƙasa ba ta ƙarya, ɗan nan,
garajen mai wanki ke zubar da rabo.
Tawa ƙwaryar ta roba ce, mai murfi,
abin da nake nema kuwa ido bai ganinsa
sai na ba shi abinci da wurin kwana.

Dabarar ba ta da yawa.
An ɓoye launi a cikin tuwon,
kowace ƙwaya da irin haƙorinta,
abin da ta iya tauna shi zai rine ta.
Yaro ya ci ɗinya a ɓoye
ya zo yana rantsuwa da baƙin harshe.

Ga mai ruwan hoda, 'yar gida, kullum tana nan.
Ga ƙanana masu tsanwa-tsanwa kamar an watsa gero.
Ga wata ta yi wa kanta zobe ruwan ƙasa
tana wari, ba ta ko jin kunya.
Na bakwai ya fito da launi uku,
an taɓa bakin kwalba ke nan, sai a sake kawowa.
Na tara babu komai, fes,
mai shi kuwa jiya da ƙyar ya hau matakala.
Wannan ya fi ba ni tsoro.

Na sha huɗu na Lantana ne,
mai kabeji a Farin Gada.
Wata uku fitsari na yi mata yaji,
ta sha kafso ja da rawaya na kemis uku
da jiƙon da maƙwabciya ta rantse a kai.
Na ɗaga farantinta wajen taga.
Shuɗi ne? Ko kore ne ya yi duhu?
Shekara ashirin da shida ina wannan kallo,
bana idona ya fara yi mini gardama.

Na kira Kangyang, wata biyu da zuwanta.
Ta leƙa ta ce, shuɗi ne, Oga, har yana ƙyalli,
ga yauƙi kamar kuɓewa.
Ta yi shiru, sannan ta ce, amma fa yana da kyau.
Ban tsawata mata ba.
Ni ma na taɓa faɗin haka, aka yi mini dariya.

Launi suna kawai yake faɗa.
Abin da zai kashe mai sunan, wannan wani dare ne:
a shimfiɗa ta a sabon faranti,
a jera mata ƙwayoyin magani kewaye,
a ga wanda za ta guje wa,
in wuta ta tsaya, in janareto bai yi tari ba.

Lantana na kan benci tun asuba,
kuɗin mota a ƙulle a bakin zane.
Na ce, mun san ko wace ce, Iya, ki dawo gobe.
Ta ce, gobe kuma? Kabejina fa ba ya jira.
Na rasa ta cewa.
Na koma ciki na gasa waya a wuta har ta yi ja,
na tsaya ina ƙirga, ta huce.